Ranar da Mai Akwati ya koma hannu rabbana

Shekara ashirin da bakwai, ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa. Ba ya bin babbar ƙofar asibiti. Ta ƙofar baya yake shiga, inda ake shanya zannuwan gado, ya wuce ɗakin janareta, ya buɗe wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya wanda ma'aikata da yawa ba su ma san da shi ba. Firji yake fara dubawa. Ya kalli ma'aunin sanyi, ya rubuta abin da ya gani a takardar da ke manne a ƙofar. Sai ya yanke farce, ko da jiya ya yanke. Sannan ya jawo akwatinsa, shuɗi mai farin marfi, wanda mariƙinsa ya karye tun tuni aka ɗaure da waya, ya buɗe ya duba: safar hannu, auduga, 'yan ƙananan almakasai, da kwalabe biyu masu wani ruwa ja-ja. Ya rufe. Daga nan sai zama kusa da tarho.

Direban sashen yakan leƙo ya ce, "Baba, yau kasuwa ba ciniki."

Shi kuma ya ce, "Allah ya sa ta watse, mu tafi gida."

Mai Akwati ake ce masa, a asibiti da unguwa duka. Aikinsa shi ne idan mutum ya rasu, kuma danginsa suka amince, ya je ya ɗauko tantanin idonsa domin a dasa wa wanda nasa ya lalace. Tantanin nan wani siririn abu ne garai-garai a gaban baƙin ido, bai wuce farcen yatsa ba. Idan ciwo ko tartsatsin walda ko wani rauni ya sa ya yi fari, mutum sai ya daina gani, ko da sauran idon lafiyarsa lau. Daga mamaci ɗaya mutum biyu kan samu. Amma abin ba ya jira, 'yan awanni ne bayan fitar rai. Don haka dole wani ya je ya yi wa mutane maganar a daidai lokacin da ba sa son ganin kowa. A asibitin nan, shi ne wanin.

Yana da tsarinsa, kuma ba a makaranta ya koyo shi ba. Ba ya shiga wurin masu rashi da akwati a hannu, a ƙarƙashin bencin baranda yake tura shi. Ba ya magana a tsaye. Idan suna kan kujera, shi ya tsuguna. Idan suna ƙasa, ya zauna a ƙasa. Sai ya fara tambayar wane ne mamacin, me yake yi a duniya, ya saurara har su gaji don kansu. Bayan nan ya faɗi abin da ya kawo shi, ya yi tambayarsa sau ɗaya tak. Idan mutum goma suka ce e, ɗaya ya ce a'a, to a'a ce. Ya yi musu gaisuwa ya tashi. Idan kuwa aka amince, sai ya ce wani daga cikinsu ya zo ya tsaya a kansa, ya ga duk abin da hannunsa zai yi.

Babbar nas ta ɗakin marasa lafiya, wadda kowa ke kira Sista, ta fi kowa ganin zaman da yake yi a baranda. Ta ce babu irin maganar da ba a jefe shi da ita ba. Wani ya ce masa, "Ku da kuke ƙwaƙule ido ku bar rami?" Ya ce, "Zo ka tsaya." Mutumin ya tsaya minti ashirin da wani abu, ya ga an ɗauki ɗan tantanin, an sa wani ɗan murfi a gurbinsa, an rufe fatar ido, fuskar mahaifinsa tana nan kamar mai barci. Ya fito yana cewa da 'yan'uwansa, "Wallahi ko ni da na gani ba zan iya nuna muku wurin ba."

Wata ta ce, "Idon Kaka me zai yi wa wani? Shekararta tamanin, da tabarau ma ba ta ganin kafar allura." Ya ce, "Hajiya, abin da ya gaji yana can ciki. Ni tagar nake nema, kuma taga ba ta cika tsufa ba. Za a duba, in ba ta yi ba zan faɗa miki." Wani saurayi ya ce shi ba zai riƙe katin amincewa ba, don idan ya yi haɗari likitoci za su ga katin su bar shi ya mutu. Mai Akwati ya yi dariya ya ce, "Likitan da zai tsaya a kanka ko lambar ɗakina bai sani ba. Ni ba a kirana sai an ja zane an rufe fuska." Masu cewa sayarwa ake yi, ya ce su dubi takalminsa. Masu cewa mamaci zai tashi makaho gobe ƙiyama, bai taɓa yi musu fatawa ba. Yakan miƙa wayarsa ya ce, "Malamai da yawa sun halatta, amma ni ba malami ba ne. Kira wanda ka yarda da shi, zan jira."

Direba ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, kafin Mai Akwati ya taɓa mamaci sai ya sunkuya ya ce, "Sannu. Yi haƙuri, ba zan daɗe ba." Idan ya gama ya ce, "An gode." Kowace gawa, har wadda babu kowa nata a ɗakin.

Mai Akwati, baƙon ranar kuka, kai ne ake gani a kau da kai. Kai ne wanda a layinku iyaye ke tsorata 'ya'yansu da sunanka idan sun ƙi wanka. Kai ne mai shagon bakin titi ya ware wa kofi daban, ka gani ka yi kamar ba ka gani ba. Mutane ɗari nawa ne yau suke zare allura, suke tuƙa mota, suke karanta wa jikokinsu saƙo a waya da tantanin da ya kwana a firjinka, kuma ko ɗaya bai san kamanninka ba? Likita suka gode wa, kuma ya cancanta. Kai kana ɗakin baya kana wanke almakashi.

Matarsa kan mayar da abin wasa. Idan maƙwabta suka fara yi mata jaje a fakaice, sai ta ce, "Shekara talatin ina barci kusa da shi, kullum da safe sai na ƙirga, har yau biyu ne." A yi dariya a wuce. Amma akwai maganar da ba ta taɓa zama wasa a gidan ba, ita ce ta yayansa.

Su biyu uwarsu ta haifa. Yaya kafinta ne, mutum mai zafin kai da tsayawa a kan magana ɗaya. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Innarsu ta rasu a wannan asibitin, Yaya yana hanya bai iso ba. Da ya iso, sai ya tarar da akwatin nan a ƙarƙashin benci, ƙanensa kuma a cikin ɗakin shi kaɗai da gawar, ƙofa a rufe. Wata daga cikin dangi ta raɗa masa cewa ya fi rabin awa a ciki. Akwatin dai daga wani aiki aka dawo da shi, amma wa zai tsaya jin wannan? Yaya ya tare shi a gaban jama'a ya ce, "Ko uwarka ba ka bari ba?"

Mai Akwati ya rantse bai taɓa ta ba. Ya ce a buɗe fuskar a duba.

Yaya ya ce, "A duba me? Ba kai ne kake yawo kana cewa ko an ɗauka ba a ganewa ba?"

Gaskiyar da ya yi shekaru yana kwantar wa mutane da hankali da ita, ita ce ta ɗaure shi ranar. Kuma shi ma yana da nasa taurin kan. Yadda yake tambaya sau ɗaya, haka ya yi rantsuwa sau ɗaya, bai ƙara ba. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Idan suka haɗu a gidan biki ko na rashi, wannan ya bi ta dama, wancan ta hagu.

Wanda bai shiga rigimar ba shi ne autan Yaya, wanda kowa ke kira Auta har ya kai shekara ashirin da bakwai da gemunsa. Farantan sola yake ɗora wa mutane a kan rufi, kuma na taɓa yin 'yan watanni a ƙungiyarsu, shi ya sa na san gidan. Auta yakan biyo ta ƙofar baya ya zauna a kan teburin baffansa yana kaɗa ƙafa. "Baffa, yau idon wa muka samu? A ba ni na mai kuɗi, ko zan fara hango inda suke ɓoyewa." Wata rana ya zo babu wasa a fuskarsa, ya ce a ba shi katin. Ya cike, ya sa hannu, ya cusa a bayan lasisinsa. Sannan ya ce, "Baffa, amana. Kada Baba ya ji. Ka san shi." Mai Akwati ya ce to.

Bayan shekara biyu, wata Talata da hantsi, Auta ya zamo daga rufin wani bene. Likitoci suka yi awa biyu a kansa. Rana ta ɗan karkata tarho ya yi ƙara a ɗakin baya. Sista ce.

"Baba, akwai kati a aljihun wani. Amma ka zauna tukuna." Ya zauna. "Ɗan yayanka ne. Bari in nemo wanda zai yi maganar."

Mai Akwati ya ce, "Wa za ki nemo? Ni kaɗai ne a sashen."

Direba ya ce ranar ce kaɗai ya ga akwatin ya yi wa Baba nauyi, sai da ya sauya hannu sau uku kafin su kai baranda. Ya tura shi ƙarƙashin benci yadda ya saba. Yaya yana zaune a ƙasa jingine da bango, garin katako har a girarsa, don daga wurin aiki aka ɗauko shi. Uwar Auta tana gefe, mata biyu sun riƙe ta. Mai Akwati ya zauna a ƙasa. Wannan karon babu buƙatar ya tambayi wane ne mamacin.

"Yaya, sannu."

Yaya bai ɗago ba. "Ka zo ke nan."

"Na zo."

"Da wace riga ka zo? Ta baffansa ko ta aikinka?"

"Duka biyu, Yaya. Na rasa yadda zan cire ɗaya."

Ya karɓi katin a hannun Sista ya miƙa masa. Yaya ya ƙura wa sa hannun ido, ya shafa shi da babban yatsa. Ya dubi kwanan watan.

"Shekara biyu. Kana sane?"

"Ina sane."

"Ka gama da uwata, sai ka zagaya ta baya ka hure wa ɗana kunne."

"Shi ya zo da ƙafarsa. Abin da ya so ke nan. Ina tambayarka, Yaya, ka yarda a cika masa?"

Uwar Auta ta ce cikin kuka, "Malam, in shi ya so, a bar shi ya samu ladansa."

Yaya ya ce, "A'a. Ko gashin idonsa ba za ka taɓa ba."

Sista ta ja Mai Akwati gefe. Ta ce masa ga kati, ga sa hannun baligi, ga uwa ta yarda. Ta tuna masa su wa ke saman layin jira: wata mai ɗinki, uwar 'ya'ya uku, da wani dattijo da ya fi shekara biyu ana jan sa da sanda. Ta ce, "Ka ba shi rabin awa ka sake gwadawa. Sau ɗaya dai, Baba, ka karya dokar nan taka. Ɗanka ne fa."

Ya ce, "Na san su. Ni na rubuta sunayensu. Amma in na karya ta a kan ɗan'uwana, gobe a kan wa zan ji nauyin karyawa? Kuma in na matsa masa yau, duk abin da ake faɗa a kaina a gari ya zama gaskiya."

Ya jawo akwatin ya miƙa wa direba ya ce ya mayar. Yaya ya ce, "Tsaya. Buɗe." Aka buɗe. Ya ɗaga kwalaben biyu ya duba su a hasken taga, babu komai sai ruwa. Ya tsaya a bakin baranda har sai da ya ga direba ya sha kwana da akwatin. Sannan ya shiga ɗakin da ɗansa yake, ya ja kujera, ya ɗora tafin hannunsa a kan fuskar, yana gadi. Awa uku yana nan, har aka gama takardu aka zo ɗaukar gawa.

Awa ukun nan Mai Akwati yana kan benci a waje, hannuwansa biyu a kan gwiwa inda kowa zai gan su. Sista ta ce masa ya shiga ko na minti ɗaya ne. Ya girgiza kai. Ba ya son a wayi gari wani ya ce an ga ya shiga. Mutumin da ya ce wa ɗaruruwan gawarwakin da bai sani ba sannu, bai samu ya ce wa nasa ba. Aka fito da Auta a rufe, aka wuce ta gabansa, ya miƙe tsaye kawai.

Bayan mako uku, da safe, yana duba firji ya ji motsi a bakin ƙofa. Yaya ne, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya shigo ya dubi ɗakin, ya dubi tebur, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Na kasa barci da wata magana. Ga kati, ga uwarsa ta yarda, ga asibitinku ne, ni kuma tsoho ni kaɗai. Da ka so, da masu gadi sun fitar da ni. Me ya hana ka?"

"Ka ce a'a."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Janareta na ta ƙugi a ɗakin gefe. Yaya ya sunkuyar da kai. "Inna fa?"

"Inna ta ce mini a'a tun tana kan ƙafarta. Ta ce ita tsoro take ji. Ban sake tayar mata da maganar ba."

"To me ka yi rabin awa a ɗakin?"

"Kuka, Yaya. Me ake yi?"

Direba, wanda ya zo karɓar makulli ya tsaya a waje, ya ce bai taɓa jin babban mutum ya yi irin sautin da Yaya ya yi ba. Da abin ya lafa, Yaya ya share fuska da hularsa ya ce, "Da na yarda, mutum nawa za su gani?"

Mai Akwati ya tsiyaya ruwa a kofi ya ce, "Sha ruwa, Yaya."

Mai ɗinkin ta ƙara wata goma sha huɗu tana jira, kekenta a lulluɓe da zane, kafin aka samu. Dattijon bai kai ba, ya rasu yana kan layi. Mai Akwati bai ɗora wa kowa laifin ba sai kansa. Ya ce wa Sista, "Na karɓi amanar da bai kamata in karɓa ba. Da na ce wa Auta mu je gaban ubansa, da an yi faɗan tun yana da rai, shi da bakinsa. Ni na bar kati ya yi magana, kuma kati ba ya iya lallashi." Tun daga nan har ya ajiye aiki, duk wanda ya zo neman kati sai ya ce masa ya je ya dawo da uwarsa, ko matarsa, ko duk wanda zai tsaya a kansa, a cike a gabansu.

A watan jiya aka yi masa sallama a filin shanya, mutum goma sha uku, da lemo da biskit. Wata matashiya da ya koya wa aikin ce ta karɓi makulli. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka samu gani a wurin, don ba a haɗa su da shi, kuma shi ma bai taɓa nema ba. Yaya ya zo. Bai yi jawabi ba. Shi ya kwashe kujeru bayan an tashi, ya gano ɗaya tana rawa, ya kifa ta yana duba ƙafar. A nan ya kira ni.

"Kai ne mai rubuce-rubuce a waya ko? To ka rubuta. Ka ce ni ne na hana, kada ka sakaya. Kuma ka rubuta mutum biyu ne za su gani da na yarda. Shi bai faɗa mini ba, har gobe ba zai faɗa ba. Direba na tsare ya faɗa mini."

Na rubuta, Baba.

Kai kuma Mai Akwati, mun gode. Mun gode da e ɗin da ka karɓa da hannu biyu, mun gode da a'a ɗin da ka ɗauka ka tafi da ita ba ka taɓa mayar wa kowa baƙar magana ba. Kai ne ka zauna a ƙasa da mutanen da ba sa son ganinka, ka bar su suka zage ka har zuciyarsu ta yi sanyi. Kai ne ka rasa ɗan'uwa shekara da shekaru a kan abin da ba ka yi ba, ka kuma rasa bankwana da ɗanka don kada a ƙara samun abin faɗa a kan aikin. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar ka da Yaya ku tsufa tare, ya jiƙan Inna da Auta.

Mu da muka rage, ba kowa ne zai iya aikinsa ba, amma kowa zai iya rage wa mai aikin nauyi. Idan ka ji ana cewa ana ƙwaƙule ido, ko ana sayarwa, ko ana barin mai kati ya mutu, ka je ka tambayi masu yi kafin ka kai maganar gaba. Idan ka yi tunani ka ga ba za ka iya ba, ka ce a'a, babu mai tilasta maka. Idan kuwa ka yarda, kada ka ɓoye a bayan lasisi. Ka faɗa a gida yau, da rana tsaka, kowa yana ji. A yi maka faɗa, a kira ka mahaukaci, ka sake faɗa gobe. Kada ka bar wa ubanka wannan hukunci a ranar da ko tsayuwa ba zai iya ba.